Ranar da Surukina Ya Wanke Mini Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tsoma kaina a bikin 'yan tattaki. Ni fa mutum ne wanda ko masallacin unguwarmu a Kambarawa zan je sai na ji kamar in tada mota. Aikina zaman ofis ne, tumbina ma shaida ne. To me ya kai ni? Surukina ne ya kai ni.

Alhaji, mahaifin matata Rabi, shi ne uban ƙungiyar masu tattaki ta garinmu. Mutanen nan ba abin da suke so a duniya kamar tafiya a ƙasa. Sai ka ji wani ya tako daga Daura, wani daga Funtuwa, ba don motoci sun ƙare ba, haka kawai don sha'awa. Duk shekara sukan haɗu su yi biki, a ci a sha, kowa na nuna wa ɗan'uwansa kanta da fason ƙafarsa yana alfahari. Ciwon gwiwa ya hana Alhaji tafiya yanzu, amma bai hana bakinsa ba. Tun da na auri ɗiyarsa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "mai mota". Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa abin na ci mini rai. Burina ɗaya ne, wata rana dattijon nan ya dube ni ya ga namiji.

Da na ji cewa a zangon ƙarshe na tattakin bikin bana, daga Batagarawa zuwa wani fili kusa da Ƙofar Durbi, kowa ma yana iya shiga, sai na ce da ni za a yi. Rabi ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Baban Ummi, kai ɗin? Don Allah ka rufa wa kanka asiri."

Ban saurare ta ba. Har sabon kambas na saya.

Da sassafe muka tashi. Wallahi na sha mamaki. Tsofaffi ne da takalman taya, sanda a hannu, gorar ruwa a kafaɗa, suna tafe suna hira kamar a zaure suke. Ni kuwa ba mu yi nisa ba na fara haki, zufa ta jiƙa ni sharkaf, har na naɗe ƙafafun wandona zuwa gwiwa. Wani tsoho da ya girmi mahaifina ya zo wucewa ya ce, "Sannu Malam, ko in riƙe maka gorar?" Kafin in ankara ayarin ya ɓace mini, ni kaɗai a bakin titi ina riƙe da ƙugu.

Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya. "Alhaji, a je ne?" (Ban taɓa zuwa Makka ba, tumbi ne ya ba ni sarautar.)

Shaiɗan ya yi mini huɗuba mai daɗi. Na ce ya bi da ni ta lunguna, ya sauke ni a bayan wata katanga kusa da filin. Dabarata ita ce in laɓe, idan ayari ya zo wucewa in saje a tsakiya, ba na gaba ba, ba na baya ba. Garin saurin sauka kada a gan ni, na diro ta dama, salansar babur mai zafi ta manne mini a sha-raɓa. Innalillahi! Na cije leɓe, na sauke ƙafar wando na rufe wurin, na sallami mai babur.

Na jira, shiru. Na ƙara jira, ba kowa. Na ce shi ke nan sun riga sun wuce. Ashe sun ratse ne a hanya don su gaida wani ɗan ƙungiyarsu da ke kwance ba lafiya. Ni ban sani ba, na yayyafa ruwa a fuska, na zagayo kwana da ɗan guduna ina ɗingishi, wai in cim ma na baya.

Ina shan kwanar nan kalangu ya ɓarke. Fili cike da jama'a, rumfuna, mata na rangaɗa guɗa. Mai sanarwa ya ɗaga lasifika: "Jama'a, ga na farko! Allahu Akbar, surukin Alhaji ne!"

Na daskare a tsaye. Ni? Na farko? Na waiwaya ko akwai wani a bayana, babu ko akuya.

Abin da ban sani ba shi ne suna da wata al'ada. Duk wanda ya fara isowa, uban ƙungiya da kansa ke wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri a gaban kowa. Aka zaunar da ni a kujera. Sai ga Alhaji yana takowa da sanda, ana biye da shi da baho. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, wanda nake cire takalmi tun daga ƙofar gida in durƙusa in gaishe shi, shi ne ya durƙusa a gabana da gwiwarsa mai ciwo.

"Baba, don girman Allah ku bari," na ce.

"Zauna, al'ada ce." Sai ya kira ni da sunana, sunana na yanka, idonsa har ya kawo ruwa. "Ashe ban san ka ba."

Na so ƙasa ta tsage. Ya cire kambas, ya cire safa. Ƙafa ta fito sumul, ba kanta ba kumburi, kamar ta jariri. Ya juya ta yana dubawa. Sannan ya ɗaga ƙafar wando don kada ta jiƙe. Ga ta nan, ƙuna jajir, ta yi bororo zagaye. A Katsina ba wanda bai san wannan tambarin ba. Mai sanarwa ya leƙo, ya manta lasifika na bakinsa.

"Kai! Wannan ai salansa ce!"

Kalangu ya tsaya cak. Sai dariya ta tashi daga rumfar maza ta faɗa ta mata, har wani ya faɗo daga benci. Daidai lokacin ayarin gaskiya ya shigo, buɗu-buɗu da ƙura, suna tambayar mi ya faru.

Alhaji bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, ya lakato man kaɗanya ya shafa a ƙunar a hankali. Sannan ya ce, yadda ni kaɗai zan ji:

"Da ka zo na ƙarshe, da ni zan fita bakin hanya in taro ka. Ni ma tafiyata ta farko, ni ne na ƙarshe."

Na kasa ɗaga kai.

Abin da na koya dai biyu ne. Idan ba ka iya abu ba, ka zo na ƙarshe da ƙafarka, akwai mai jiranka. In kuwa ka nace sai ka hau acaɓa, to don Allah ka sauka ta hagu.