Takalmin Riyal Dubu Goma Sha Takwas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙa kaina ga hukuma a wajen walimar suna ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Kurayyat ba za su bar ni ba. Kusan shekara guda ke nan, amma har yau in na shiga gidan biki sai wata ta kalli ƙafata kafin ta kalli fuskata.

Abbana, Ilyasu, direba ne a wani kamfanin rarraba kaya. Mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin a Jidda. Ni a nan aka haife ni, Nijar ban san ta ba sai a hoton waya da bakin baƙi. Baƙi kuwa ba ma rabuwa da su. Duk wanda ya zo Umra daga garinmu, ko da ɗan maƙwabcin kakar abokin Abba ne, sai ya biyo ta gidanmu, kuma ba ya tafiya babu tsaraba. Dabino, turare, abaya, darduma, agogo. A can gida an ɗauka duk mazaunin Jidda da shebur yake kwasar riyal, shi kuma Abba bakinsa bai iya furta "babu" ba. Da banki ya ba shi katin bashi, sai katin ya koma shi ke cewa "to" a madadinsa.

Ni ce sakatariyar gidanmu, domin na fi kowa karanta Larabci. Duk wata Abba yakan miƙo mini wayarsa in biya kuɗin wuta. Wata rana ina cikin wannan aikin na leƙa wani shagon intanet (leƙawa kawai, Allah ya sani), sai na ga takalmi. Ruwan zinare, mai tsini, da ɗan dutse yana walƙiya a hancinsa. Riyal ɗari biyu da arba'in. Lambar katin tana ajiye a wayar. Saƙon tabbatarwa ya shigo a hannuna. Na danna, na goge saƙon, na mayar wa Abba wayarsa har da ce masa Allah ya ƙara buɗi.

Gidan ƙawata Nusaiba na sa aka kai shi. Da na gwada, sai ya matse ni kamar yana da tsohuwar gaba da yatsuna. Ban iya mayarwa ba, ban iya sawa ba. Na kawo shi gida na tura shi can ƙarƙashin gado, bayan akwatin tsofaffin littattafai, na ce halas, magana ta ƙare.

Bayan wata shida gidanmu ya fara sauyawa. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya koma sai awa biyu da rana, a zafin Jidda da ke dafa mutum da kayansa. Kaza ta daina ziyartarmu sai ranar Juma'a. Umma ta fara yin fura da dambu tana aika wa masu shaguna a kasuwar Balad. Abba ya karɓi aikin ɗaukar kaya har a ranar hutunsa. In wayarsa ta yi ƙara sai ya dubi lambar, ya fita matakala ya rufo ƙofa. Ni kuma Allah ya yi ni da kunne mai ratsa ƙofa. A nan na ji yana cewa Umma banki ne, bashin katin ya kai dubu goma sha takwas, duk wata yana biyan ɗan abin da suka ce shi ne mafi ƙaranci, amma bashin ko motsi ba ya yi. Ya ce ga iƙamarsa, wato takardar izinin zama, saura wata biyu ta ƙare. Ya roƙe ta kada kowa ya ji, musamman mutanen Damagaram.

Na lallaɓa na koma ɗaki kafin su shigo.

Washegari a makaranta na tambayi Nusaiba, a fakaice, wai wata ce na sani ta taɓa katin babanta. Nusaiba irin mutanen nan ce da ba sa taɓa cewa ba su sani ba. Ta ce ai bashin kati ninkawa yake yi duk wata, kawunta ya faɗa mata. Ta ce in ya yi yawa sai a tsayar wa mutum komai, iƙama ba za ta sabuntu ba, daga nan sai tarhil, a kwashe shi da iyalinsa a jirgi da kayan jikinsu. Ta kuma ce ba sa sanarwa, kawai mutum biyu za ka gani a ƙofa da takarda.

A darasin lissafi na buɗe bayan littafina. Ɗari biyu da arba'in ya zama ɗari huɗu da tamanin. Ya zama ɗari tara da sittin. Na ci gaba da ninkawa har sau shida, na sami dubu goma sha biyar da ɗari uku da sittin. Ragowar na ce tara ce. (Ni da ban taɓa cin rabin maki a lissafi ba, ranar ce kawai na yarda da amsata ɗari bisa ɗari.) Ashe ni ce. Ni na kashe mukayyif. Ni na kori kaza. Ni zan sa a kama Abba a kai mu ƙasar da ko hanyar gidan kakata ban sani ba, inda za a yi ta dariyar Hausata mai "yalla" da "halas" a tsakiya.

Na shiga biyan bashi a ɓoye. Na daina karin kumallo a makaranta ina tara kuɗin. Na sayar wa 'yan ajinmu alƙalumana masu kala. A wata guda na haɗa riyal talatin da bakwai. Na sake lissafi, na ga in na dage zan gama biya ina da jikoki. Ko mai kawo gas ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka su ne suka zo. Sau uku ina zuwa gaban Abba da niyyar faɗa, sai in ga yadda idonsa ya faɗa, in ɓuge da tambayarsa ko in kawo masa shayi. Yakan ce, "Kawo, Uwata," domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wannan "Uwata" ɗin ya fi bulala zafi.

Ana cikin haka Gwaggo Hassu, yayar Abba, ta sauka daga Damagaram don Umra. Kun san abin da ya biyo baya. Ranar Alhamis Abba ya kai ta Balad, suka dawo da leda shida. A ranar ce kuma Umma, tana share ƙarƙashin gado don shimfiɗar baƙuwa, ta zaro takalmin. Na ce na Nusaiba ne, aro ta ba ni. Umma ta juya shi ta ce to madalla, dama babu kuɗin sabo, gobe shi zan sa zuwa walimar Hajiya Rabi.

Hajiya Rabi ita ce uwar adashin matan unguwarmu, kuma jikanta na fari aka haifa, don haka ta kama istiraha guda, wato gidan taron da ake haya, ta gayyato duk wata Bahaushiya daga Kurayyat har Bani Malik. A irin wannan taro maza ba sa shiga ɓangaren mata. Akwai mace mai gadi a ƙofa, ita ke karɓar wayoyi don kada a ɗauki hoto, kuma in wani namiji yana neman iyalinsa, ita ke kira da makirufo. Tun ina goye nake jin irin kiran nan. Babu abin tsoro a cikinsa.

Amma da safen ranar na ji Abba a matakala yana cewa, "Na'am, na gane, ƙarshen wata." Da wannan na shiga taron, ina ɗingishi a kan shaidar laifina.

An yi la'asar, abinci bai iso ba, mata sun fara ƙananan maganganu. Ina zaune kusa da Gwaggo Hassu, ita da sabuwar abayarta da sabon agogonta, sai makirufo ya yi ƙara. Mai gadin ta ce ana neman iyalan Ilyasu direba a ƙofa, mutum biyu ne, da takarda, sun ce sai an sa hannu.

Mutum biyu. Da takarda.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ga Umma tana gyara mayafi za ta miƙe, na ce a raina ba za a kama ta a gaban mutane ba saboda ni. Na kwasa a guje, tsinin takalmin ya turguɗe ni, na cire ƙafa ɗaya na riƙe a hannu, na ƙarasa ina tafiya kamar keken da ya rasa taya. Na isa ga mai gadin na damƙe hannunta da hannuna biyu, har da takalmin. Abin da ban lura ba shi ne hannun da na damƙe shi ke riƙe da makirufo, kuma a kunne yake.

Na ce mata da Larabci ta faɗa musu kada su taɓa babana. Sannan, saboda tsoro ya sa na manta wane harshe hukuma take ji, na maimaita da Hausa, dalla-dalla.

"Don Allah ki ce musu ni ce. Dubu goma sha takwas ɗin da banki ke bin Abbana na kati, ni na ci. Shi bai sani ba. Kada a yi mana tarhil. Ga takalmin."

Na ji muryata tana dawowa daga bango huɗu. "Ga takalmin" ya zagaya zauren sau biyu kafin ya zauna.

Mata sun fi ɗari, amma ko ƙarar awarwaro ba ka ji. Jaririn da ake wa suna ne kawai ya ga ya kamata wani ya yi kuka, ya yi. Mai gadin ta zare hannunta a hankali, ta kashe makirufo, ta tura ƙofa. A waje ga mutum biyu da hular gidan abinci, gumi yana zuba, bayansu manyan faranta na shinkafa da rago. Mijin Hajiya Rabi ne ya roƙi Abba ya yi odar abincin da sunansa don shi ya san masu gidan abincin, Abba kuma ya tafi masallaci. Takardar ta karɓar shinkafa ce.

Umma ta zo ta wuce ni kamar ba ta taɓa haihuwa ba, ta sa hannu, ta dawo. Da ta zo daidai kunnena ta ce, "Sa takalminki." Abin da ta faɗa ke nan har muka koma gida. Na juyo na ga Gwaggo Hassu ta sunkuyar da kai tana kallon agogon hannunta, kuma na tabbata ba lokaci take dubawa ba. Shinkafar nan kowa ya ce ta yi daɗi. Ni ban sani ba, a banɗaki na ƙarasa walimar.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, domin ana mayar wa mata wayoyinsu suka fara aiki. Abba yana zaune a falo da wasu takardu a gabansa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da zai biyo baya. Ya ce in zo in zauna, tunda ni ce mai karatu, in karanta masa. Takardun banki ne na katin, wata-wata. Na fara: shagon turare, shagon abaya, kuɗin jirgin wani, asibitin wata, shagon agogo, kuɗin ruwa, kuɗin ruwa. Can tsakiyar shafi na biyu, ƙarami kamar ƙwayar gero, ga ɗari biyu da arba'in ɗina. Bai ninku ba. Bai ko yi ƙiba ba. Kuma an ja masa layi da jan biro.

"Tun watan farko na gani, Uwata," in ji shi. "Jira nake ki faɗa mini. Ban ce ki faɗa wa Jidda ba."

Na fashe da kuka na tambaye shi ko za a kama shi. Ya ce babu wanda zai kama shi a wannan watan, amma shi ma tsoron yana hana shi barci. Ya ce sauran bashin nasa ne, na rashin iya cewa babu. Nawa ɗari biyu da arba'in ne, kuma zan biya.

Gwaggo Hassu ce ta fito daga ɗaki da leda huɗu cikin shidan, takardun farashi ba a ko cire ba. Ta dire su a gabansa ta ce, "Ilyasu, ƙanena nake da shi a Jidda, ba banki ba. Gobe ka mayar." Abba ya fara cewa ai ba komai, ta ce in ya ƙara cewa ba komai za ta cire abayar jikinta ma ta ɗora. Agogon dai ta riƙe. Ta ce ya riga ya saba da ita.

Washegari da hantsi Hajiya Rabi ta iso. Ta yi wa Umma faɗa kamar 'yar cikinta, wai shekara nawa suna zubi tare za ta zauna da wuta a gida ta yi shiru. Matan adashi sun yarda a ba Umma kwasar wannan watan, ita Hajiya ta koma ƙarshen layi. Abba ya yi kwana biyu yana jin kunyar fita masallacin unguwa. A rana ta uku ya karɓi kuɗin, ya kai banki, ya zauna da su aka raba ragowar wata-wata. An sabunta iƙama. Katin kuwa Umma ce ta yanka shi da almakashin ɗinkinta, gida huɗu, ta ba ni in zubar.

Har yanzu ba mu gama biya ba, kaza ma ba ta dawo sosai ba, amma Abba ya daina fita matakala. Ya kuma koyi wata sabuwar kalma. Baƙon da ya zo bayan Gwaggo dabino kawai ya samu da addu'a mai tsawo.

Ni riyal biyar ake cirewa daga kuɗin makarantata duk mako, saura mako biyu in zama 'yantacciya. Umma ta yanke hukuncin babu sabon takalmin biki sai wannan ya mutu, shi kuma ga alama ya fi ni lafiya. A unguwa sunana ya koma Ga Takalmin, har yara ƙanana.

Na dai koyi abu biyu. In za ka ɗauki laifin gida gaba ɗaya a kanka, fara neman takardar ka karanta, kada ka tambayi Nusaiba. In kuma tuban ya zama dole, to ka duba hannun da ka kama tukuna.