Ranar da na je karɓar zakka da rigar aro

Shekarar da fara ta cinye mana gero a Kademi, mai gari ya sanar cewa za a buɗe rumbun zakka a Gaya, a raba wa mabukata hatsi. Ni kuwa mabukaci ne na gaske, kwana uku muna shan kunun dusa. Amma na ce wa matata ba zan shiga Gaya da tsumma ba. Na ari babbar rigar yayana, na naɗa rawani, na hau jakin maƙwabci.

Ina isa, mai rabon ya taso da sauri, ya shimfiɗa mini buzu cikin masu kawo zakka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dami nawa za a je a ɗauko?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. To amma tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa ce mini "ranka ya daɗe". Na gyara zama, na shafa gemu, na ce, "Bana sai haƙuri, a ɗauki biyu."

Ina zaune aka auna wa mutanen ƙauyenmu dawa, har ina sa musu albarka. Na koma gida da taiki wayam. Matata ta leƙa ciki, ta dube ni, ta ce, "Malam, rigar za mu dafa?"

Washegari wanda aka turo ɗaukar damin ya leƙa rumbuna, ya yi salati, ya bar mana guzurinsa.

Har yau, kaka na yi sai wani ya yi sallama a ƙofata, ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, bana nawa za a ɗauka?"