Kujerar Lilo ta Mutum Biyu Ce

"...lafiya lau, amaryar ƙarya. Ya gajiyar barci? Tun daga ƙofar bene nake jin minsharinki."

"Minsharina ko hakinka? Sannu da hawa, tsoho. Ga lifta tana kallonka, ka biyo matattakala kamar wanda aka koro."

Mahaifina ke nan da autata. Duk Asabar yakan zo mana, ya hau bene hawa huɗu da ƙafa, ya zauna a kujerar da ta fi nisa da taga. Ina ɗaki ina guga, ƙofa a buɗe. Tun da yayanta ya rasu bara, sai ranar Asabar ake jin muryar Auta da ƙarfi a gidan nan.

"Liftar? Wannan akwatin? Mutum da hankalinsa ya shiga akwati a rataye shi da igiya? Ni ba kaya ba ne."

"Tsoro dai."

"Ni? Yarinya, ina saurayi a saman tankin ruwan unguwarmu nake cin abincin rana, ina kaɗa ƙafa."

"Mama ta ce ko ƙwan fitila ne ya mutu, matarka ce ke hawa kujera, kai kana riƙe mata kana salati."

"Riƙe kujerar ai shi ne aikin. Hawa kowa ya iya."

"To tunda kai jarumi ne, yau za ka fita da ni."

"Ina? In gidan namun daji ne, a kai kasuwa. Wancan karon da ƙyar na fito da ke, mai gadi ya rantse daga kejin birai kika ɓalle."

"Kai fa? Kunkuru na ganinka ya miƙo wuya, yana cewa yaya bayan rabuwa, tun kuna aji ɗaya."

Baba ya yi dariya har da tari. Ta jira ya gama.

"Ba can ba. Lilon sama."

Na ɗaga dutsen guga daga kan rigar. Lilon yana filin shaƙatawa na tsakiyar gari, babbar da'ira ta ƙarfe mai juyawa a hankali da kujeru a rataye. Daga barandarmu ana hango rabinsa tsakanin benaye biyu. Tun rasuwar yayanta ban sake kai ta ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba.

"Wannan tayar keken da aka kafa a sama?" in ji Baba. "Gado kike so ki ci, na gane ki. To ba ni da komai sai wannan hular, ita ma ta huje."

"Ka riƙe hularka, ko mage ba za ta kwana a ciki ba."

"Ga shawara. Ki hau, ni in tsaya a ƙasa in riƙe miki takalmi, ina ɗaga miki hannu kamar kowane miji nagari."

"Mai lilo ba ya yarda. Kujerar ta mutum biyu ce. In yaro shi kaɗai ne, sai ya haɗa shi da duk wanda ke bayansa a layi."

"To sai me? Ki samu sabon miji ki huta da ni."

"Ba na so baƙo ya zauna a wurin Yaya."

Na ji Baba yana gyara zama, kujerar tana ƙara.

"Uwarki fa?" Ya rage murya, amma gidan ƙarami ne.

"Mama in aka kunna fitilun lilon da yamma, labule take ja."

Ban san ta lura ba.

"Hm. To me ake gani a can ɗin da har za a kashe tsoho a kansa?"

"Komai! Jirgin ƙasa kamar tsutsa. Motoci a kan gada kamar tururuwa. Yaya ya ce har rufin gidanmu ana gani, har Mama a baranda tana shanya."

"Yaya ya ce. Ke fa, me kika gani?"



"Ni rufe ido nake yi. Shi yake faɗa min."

"La'ilaha! Jama'a ku zo ku ji! Ashe matsoraciya ce take ta zagin matsoraci tun safe!"

"Ka ga, ka faɗa da bakinka."

"Na faɗa. Amma kin yi zaɓen banza, amarya. Idon nan ko lambar bas ba ya gani sai ta wuce. In mun je sama me zan faɗa miki?"

"Ka ƙirƙira mana. Ai ka iya ƙarya."

"Ƙaryata ta ƙasa ce, ba ta hawa bene. Ga sharaɗina: ni zan rufe ido, in riƙe ƙarfe, in yi ta salatina. Ke ki buɗe naki ki faɗa min. Ba zan hau sama har can in sauko ban san me na gani ba."

"Ni?"

"Wa kuma? Kunkuru?"

Da ta sake magana, muryarta ba ta wasa ba ce.

"In na buɗe ban ga gidanmu ba fa?"

"Sai ki ƙara dubawa. Lilon ai zagayowa yake yi."

"In ka yi ihu zan gaya wa kowa."

"Zan yi, ki gaya musu. Tashi ki sa takalmi, kin ci ni." Yana dariya yana neman sandarsa. "Allah ya isa tsakanina da wannan aure."

Ya leƙo ɗakin ya ce, "Za mu ɗan zaga gari." Na ce a dawo lafiya.

Da suka sauka na kashe dutsen guga. Na ɗauko jan zanen gado wanda ba ya bukatar wanki, na jiƙa shi a famfo, na fita da shi baranda, na shanya shi ta gefen da ke kallon lilon.