Toshin Delu

Ba zan taɓa mantawa da azumin da na fara aikin sa kai ba. Ko da ma na so in manta, tsofaffin wani ƙauye da ke kan hanyar Rogo ba za su bar ni ba.

Muna da wata 'yar ƙungiya a Karaye, yawancinmu malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa. Duk azumi mukan haɗa abin da ya sawwaƙa mu sayi kayan abinci mu kai wa tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a aikin gwamnati, yanzu fansho in ya zo wannan watan sai ya yi nauyin ƙafa a na gaba, in ma ya zo ba ya kai su ko'ina. Ni kuwa mutum ne mai mafarki ido biyu. Tun ina ƙarami mahaifiyata ke cewa in aka aike ni sayen gishiri sai na gina bene a hanya kafin in dawo. Don haka tun ranar da aka karɓe ni a ƙungiyar na fara hango kaina tsakiyar tsofaffi, suna dafa kaina suna sa mini albarka, har da mai share hawaye da bakin riga.

Shugabarmu, Hajiya Rabi, ita ta haɗa ni da gidan Malam Jibrin. Ta ce tsohon malamin gona ne, babu manomin yankin da bai koyi sa taki da feshi a hannunsa ba, amma yanzu ido ya yi rauni, gonar ma ta gagara. Ta ce sau biyu ana kai masa kaya yana mayarwa, don a gaban mutane aka kai, shi kuwa gara ya kwana da yunwa da a ce yau ga Malam Jibrin yana karɓar tallafi. In ya sake mayarwa, ba wanda zai ƙara samun fuskar komawa, kuma labarin da ya iso mata shi ne ba kullum hayaƙi ke tashi a gidan ba. Ta ja mini kunne in je da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, in ajiye a zaure in fito.

"Ka kai masa abincin," in ji ta, "amma ka bar masa mutuncinsa inda ka same shi."

Na ce to. Sai dai da safiyar ranar, maimakon in sa kayan da ake ɗaukar buhu da su, na ciro shaddata ta sallar bara, na kafa hula zanna, na fesa turare har sai da na yi atishawa. (Kada ku tambaye ni dalili. A mafarkin da nake yi, mai taimako ba ya zuwa da tsohuwar riga.) Na ɗaure kaya a bayan babur da roba: gero, shinkafa, sukari, man gyaɗa, madarar gwangwani, dabino da tsamiya.

Bazara ce, rana ta take, ga azumi. Hanya ta yi shiru, iska mai zafi tana kaɗa mini riga, can nesa titi yana ƙyalli kamar an zuba masa ruwa. Da na kai wajen ƙauyen Turawa na hango ruwan dam shimfiɗe, shuɗi, kwale-kwalen masunta suna tafiya a hankali, sai zuciyata ta ce in ɗan tsaya in huta. Na jingina da wani mangwaro. Shanu suna saukowa shan ruwa, balbelu suna bin su, ƙamshin albasar masu noman rani yana tasowa. Na fara tsara jawabin da zan yi wa Malam Jibrin. Daga jawabi na wuce ga addu'ar da zai yi mini, daga addu'a na ga ta karɓu nan take, na zama babban mutum, ina raba buhuna da mota, an sa wa wata rijiya sunana. Ina cikin buɗe rijiyar ne kiran sallar la'asar ya tashe ni.

Na yi salla a gurguje na ja babur. Ko da na isa ƙauyen, abin da Hajiya ta tsoratar da ni shi na tarar. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan, dattawan unguwa sun cika su, kowa da carbinsa, ana jiran faɗuwar rana. Mai hankali da ya wuce abinsa ya dawo gobe. Ni kuwa har na riga na kashe babur a gabansu.

Na cire takalmi na durƙusa. Aka gaisa, ya ibada, ya zafi, ya mutanen Karaye, ya iyaye. Ban sha wahalar gane Malam Jibrin ba. Yana zaune a tsakiya, dogo, siriri, farar rigarsa ta sha wanki har ta yi shara-shara amma a goge take tsaf, kuma duk wanda zai yi magana sai ya dube shi tukuna. Ya ɗaga kai ya kalli babur, ya kalli buhun. Na ga yatsunsa sun tsaya cak a kan carbi. Ya gane.

Wani tsoho mai jan gemu da ke gefensa, Alhaji Tanko (daga baya na ji duk ƙauyen ba wanda ya kai shi bin diddigi), ya miƙa wuya ya ce, "Samari, wannan kaya haka na mene ne?"

Duk ido ya dawo kaina. Malam Jibrin ya gyara zama, na ga yana shirin buɗe baki, kuma na san abin da zai fito: a mayar, shi ba mabuƙaci ba ne. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ya kama ni. Na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa kan shaddata. Na shaƙi turarena. Na tuna sukari da madara da dabino. Saurayi ya yi ado, ya zo ƙofar gidan dattijo da yamma cikin azumi da kayan shan ruwa, ai abu ɗaya ne ke kawo shi. Toshi ba sadaka ba ne, ba wanda yake jin kunyar karɓarsa. A lissafina kuma babu gidan tsoho da za a rasa jika budurwa.

Na ce, "Baba, toshi na kawo."

Alhaji Tanko ya ce toshin wa. Na ƙara sunkuyar da kai irin na surukai, na ce ta cikin gidan.

Dattawan suka kalli juna. Wani ya yi tari. Wani ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Tanko ya miƙe da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya leƙa zaure ya yi sallama, ya ce a gaya wa Delu ta fito ta yi baƙo.

Delu. Sunan ya yi mini daɗi. Kafin a buɗe ƙyauren zauren har na gama ganinta: doguwa kamar kakanta, mai kunya, wataƙila tana karatun aikin jinya. Na ga ƙaryata ta zama gaskiya, na ga an ɗaura aure a ƙarƙashin wannan darbejiyar, na ga mahaifiyata ta huta da yi mini gorin zama tuzuru. Har na fara tunanin sunan ɗan fari.

Sanda ce ta fara fitowa. Bayanta wata tsohuwa 'yar ƙarama, a duƙe, ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Iya Delu, yayar Malam Jibrin. Ashe tun rasuwar matarsa gidan daga shi sai ita, 'ya'ya da jikoki duk suna nesa.

Dariyar da aka yi a wurin nan, ban san masu azumi suna da ƙarfinta ba. Ni dai ina durƙushe, gumi yana bin bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Aka gaya mata abin da ke tafe da ni. Ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ɗaga haɓata da hannu, ta juya fuskata dama da hagu kamar mai taya rago. Ta murza shaddar ta ce ba laifi. Ta ce wuyan ya cika tsawo, amma za ta yi haƙuri. Ta tambaye ni ko ina da gona, ko zan iya daka mata goro, ko ina da wata a Karaye, don ita ba ta son hayaniya. Duk irin wasan da kaka ke yi da jikanta ta zazzage mini shi a gaban jama'a, ni kuwa ba bakin ramawa. Daga ƙarshe ta dubi ƙanenta ta ɗan jima, sannan ta ce, "Na karɓa. Maigida, shigo mini da kayana."

Na kinkimi buhu a kan shaddar na bi ta. A tsakar gida na ga gaskiyar labarin da Hajiya ta ba ni. Magariba ta kusa, amma murhu a sanyaye yake. Tukunya ɗaya ce a gefe, da ruwa da 'yar tsamiya a jiƙe, ba komai bayan wannan. Iya Delu ta daina wasa. Ta durƙusa tana kwance bakin buhun geron da sauri, ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Sannu, ɗan nan."

Malam Jibrin da kansa ya raka ni wurin babur, ana ta yi mini kirarin ango a baya. Da muka ɗan yi nisa da tabarmin ya kama hannuna ya riƙe. Bai yi godiya ba, kuma na ji daɗin da bai yi ba.

"A matsayina na waliyyi ban yi maka alƙawarin komai ba," ya ce. "Amma ka san al'ada. Toshi ba a mayar da shi, kuma mai nema ba ya zuwa sau ɗaya ya ɗauke ƙafa."

Labari ya riga ni isa Karaye. Hajiya Rabi ta yi dariya har ta zauna, mahaifiyata ta ce ita dai Allah Ya nuna mata ranar da za ta durƙusa ta gaida surukarta. Har yau a makarantar da nake koyarwa angon Delu ake kira na.

Abin da na koya biyu ne. In za a kai wa dattijo abinci, akwai kunyar da dole wani ya ɗauka, kuma gara mai kawowa ya ɗauke ta, shi da ya ƙoshi. Na biyun kuwa, kafin ka ce kana neman ta cikin gida, ka tambaya su wa ke cikin gidan. Duk azumi ina nan ina kai toshina, a gaban kowa, da yamma. Bana ma Iya Delu ta aiko a gaya mini in ban fito ba za ta ba Alhaji Tanko dama.