Takalmin Dokin Ƙanƙara

Zamanin jam'iyya ɗaya, a unguwarmu ta Briqueterie, in ka faɗi kulob ɗin ƙwallon da kake so, ka faɗi ƙabilarka da ra'ayinka ke nan. Ni kuwa mai tsire ne, kowa cinikina yake yi. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni, sai in gyara hula in ce, "Ƙwallo ta talakawa ce, ni hoki nake bi." Duk zatona wasan nan ne da manya ke yi a kan dawaki.

Ran nan maƙwabcina Baba Sale tela ya jawo mini wani Bature ɗan Kanada, yana ce masa, "Musye, ga ɗan'uwanka a hoki!"

Baturen ya rungume ni, ya ce a garinsu kan ƙanƙara ake bugawa. Na gyaɗa kai irin na masana, na ce, "To, dawakin ba sa zamewa?"

Bawan Allah ya dubi jama'a, ya dube ni, ya ce, "Takalmi muke sa musu." Allah ya saka masa, asirina ya rufu har ranar da aka nuna wasan a silima, kowa ya ga babu doki ko ɗaya.

Har yau in na sa sabon takalmi, sai Baba Sale ya leƙo ya ce, "Malam, naka ne ko na dokin?"