Gershon da Motar Baba Tagwai

"Ni idan na goge mota, mace za ta iya ɗaura ɗankwali a jikin ƙofa, ba ruwanta da madubi."

Wannan ita ce waƙar Gershon a Kafanchan. Wata uku ya yi a wani wurin wankin mota a Abuja, kuma waɗanda suka san shi can sun ce ɗiban ruwa ne aikinsa. Amma tun da ya dawo ya laƙaba wa kansa Injiniya. Ko keke ya gani sai ya shafa shi da yatsa, ya girgiza kai cikin tausayi.

To, gogan naku yana neman auren Emilia, 'yar Baba Tagwai, manomin citta kuma dattijon coci. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, kallon ƙasa-ƙasa kawai yake yi masa. Sai ga bikin Martina, yayar Emilia, ya kama ranar Asabar, kuma shuɗiyar motar Baba ce za ta kai amarya coci. Motar nan Baba ya fi lallaɓa ta fiye da gwiwarsa mai ciwo. Gershon ya ga dama ta samu, ya yi ta naci a bar shi ya goge ta, har tsohon ya miƙa masa makulli ranar Juma'a da safe.

Injiniya ya zarce kasuwa, shagon Umar Faruk mai kayan aiki. Umar ya fito masa da injin goge mota iri biyu. Na farko kansa rangaji yake yi, in ka danna da ƙarfi sai ya rage gudu, ba ya ƙona fenti, shi ya dace da mai koyo. Na biyu na ƙwararru ne, yana da wurin saita gudu. Kalmar "mai koyo" ita ta ɓata wa Gershon rai. Ya ce na farkon kayan wasa ne, na biyun kuma ba shi da murya. Idonsa ya sauka kan wani a rataye, ya sa aka kunna, ƙara ta cika layin har mai rake ya waiwayo.

"Wannan na masu walda ne," in ji Umar. "Ƙarfe ake gurza da shi."

"Malam, kai sayarwa ka iya, ni aikin na iya. A Abuja in machine bai yi ihu ba, ba mu taɓa shi."

Umar Faruk mutum ne mai haƙuri. Ya gargaɗe shi sau uku, sannan ya sa masa a leda.

A ƙofar gidan Baba, Gershon ya tada janareta, ya ɗaura soso a bakin injin da robar taya, ya lafta man gogewa kamar mai yaɓen ɗaki. Yana kunnawa soson ya tashi sama, ya dira cikin cittar da aka shanya. Ya ɗauko, ya ƙara ɗaurewa tamau, ya danna a ƙofar direba da dukkan ƙarfinsa. Gaskiya ƙofar ta yi sheƙi, na kamar ƙiftawar ido. Daga nan sai ƙauri. Shuɗi ya koma toka-toka, toka-toka ya koma fari, ga tabo kamar faifan tuwo.

Mai hankali a nan zai kashe inji ya nemi mai fenti. Injiniya kuwa ya ja da baya, ya karkata kai, ya gano cewa matsalar ita ce tabon shi kaɗai ne. In sauran wurin ya yi daidai da shi, wa zai gane?

Emilia ta fito da kofin kunu, ta ga ƙofa, ta dafe ƙirji. Ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan matakin farko ne, haka ake yi wa motocin manya. Ta koma ciki tana addu'a. Shi kuma ya bi ƙofar baya, ya hau but, ya gangaro kan bonet. Tsoro ya riga ya kama shi, gumi har cikin takalmi, amma tsayawa na nufin amsa laifi. Kafin rana ta karkata, gefe guda na motar ya zama kamar akuya mai ƙazuwa, wani wurin ma ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli.

Baba Tagwai ya dawo daga taron dattawa, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya zagaya motar sau biyu. Gershon ya fara bayanin cewa fentin ne tun asali ba mai kyau ba, Baba ya miƙa hannu kawai ya karɓi makullinsa.

Washegari Martina ta tafi coci a akori-kurar da ake ɗaukar citta, an shimfiɗa mata zannuwan zumuntar matan coci, tana ta atishawa har gaban fasto.

Duk da haka, bayan sati biyu Gershon ya turo kawunnansa neman aure, shi yana rakuɓe a bayansu. Baba ya saurare su tsaf, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya nuna motar da ke lulluɓe da tamfol.

"Motan nan fenti uku ne a jikinshi, yaronku ya cinye duka a wuni ɗaya. Emilia fata ɗaya ne da ita. Ku gaida gida."