Ranar da Na Juya Robar Birki

Shekara ashirin ina kanikanci a Azare, don haka da wani Alhaji ya kawo tsohuwar motar sojan da yake dakon gero da ita gyaran birki, ko gezau ban yi ba. Na kwance mastan birkin, wato famfon da ke tura man birki, na sauya robar ciki, na ɗaura.

"Malam, a fara gwada ta a fili," in ji Alhaji.

"Haba Alhaji, ni ne fa!"

Ashe a juye na sa robar. Na ja motar na shiga unguwa, ina taka birki ƙafata ta nutse har ƙasa, motar ta rushe katangar surukina yana alwala. Butarsa kawai ya janye.

Har yau ko a benci na zauna, sai an sa mini dutse a ƙafa, wai kada in gangara.